Sawun Gaje

"Ɗana, wannan awon ƙafa ɗaya ne. Ina na ɗayar?"

"Shi kaɗai ta ba ni, Baba."

"To sai in yi ɗayar daidai da ita."

"A'a, Baba. Ba daidai suke ba."

Ku dakata in koma da ku baya, jama'a, don ku san masu maganar nan. An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kira sunansa ba, tun zamanin da ake fatauci da ƙafa. Sunansa Tanimu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Jakunan fatake yake korawa, ya ɗaura kaya, ya sauke kaya, a ba shi abin da aka ba shi, ya gode.

Yana da mata, Gaje, wadda shan inna ta taɓa wa ƙafar hagu tun tana ƙarama. Ƙafar ta lanƙwashe ciki, da gefenta take takawa. Duk takalmin kasuwa, na dama ya shiga, na hagu ya ƙi. Sai ta haƙura da duka biyun, ta riƙa sako zanenta har ƙasa don kada ido ya sauka wurin. Da bazara ƙasa ta ƙone ta, da damina laka ta cinye mata tsakanin yatsu, ba ta taɓa cewa wayyo ba. Shi kuwa Tanimu son ta yake, irin son da ba ya da baki. Kullum in ya fito daga sallar asuba, sai ya bi hanyar rijiya yana tsince ƙaya, kafin ta fito ɗiban ruwa. Bai taɓa gaya mata ba. Ita ma ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Wata shekara ayarinsu ya yi shirin zuwa wata ƙasa mai nisa, can bayan rairayi, inda aka ce dukawa sun fi na ko'ina, kayan fata kuma arha kamar a tsinta. Tanimu ya ce mata, "Zan sa a ɗinka miki takalmi naki na kanki. Da shi za ki je gaisuwar Sallah."

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ka dawo lafiya, Malam. Wa ya ce maka ƙafata ta yi ƙara?"

Ya nace. Ran tafiya ta miƙo masa zare daga bayan ƙofa, da ƙulli a jiki, alamar tsawo da faɗi. Kunya ta sa ta auna lafiyayyar ta bar ɗayar.

Da suka isa, abin da aka faɗa gaskiya ne. Rumfa bayan rumfa, jakunkuna a rataye, gafaka, zabira, kube, takalma tsibi-tsibi, warin jima ya cika gari. Fatake suka faɗa wa kaya, wannan na tayawa, wancan na sallamawa. Taubashinsa Barau ya cika mangala har ta ƙi ɗauruwa, ya dube shi ya ce, "Kai bawana, ana wawason arha kana yawo da zare kamar wanda allurarsa ta ɓace. Ɗauki kowane takalmi mana. In bai shiga ba ta rataye shi a ɗaki, a san mijinta ya je ƙasar waje."

Tanimu ya yi murmushi ya wuce. Duk badukun da ya yi wa bayani sai ya girgiza kai, don wa zai bar ɗinkin da ake saye da yawa ya zauna kan ƙafa ɗaya karkatacciya? A ƙarshe aka kwatanta masa wani tsoho a ƙarshen layi, Baba Ila, mutumin ƙasarmu ne da ya fita aikin hajji tun yana saurayi, hanya ta riƙe shi a can. Shi ne kuka ji yana tambaya.

Tsoho ya ajiye zaren ya ce, "To yaya ƙafar take?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa kallonta ba, Baba. Na san ba ta so."

"Mijin mace, bai san ƙafar matarsa ba? To ni duba nake yi?"

Tanimu ya durƙusa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya sa yatsa ya fara zane. Ku saurara, jama'a. Bai san ƙafar ba, amma ya san sawunta. Shekara da shekaru yana ganinsa a hanyar rijiya. Ya zana inda yake nutsewa, ya zana inda ba ya taɓa ƙasa, har ɗan jan da babban yatsa ke bari a baya. Baba Ila ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauko ƙwarya ya kife a kan zanen don kada iska ta share.

"Zan yi," in ji shi. "Amma sai na sassaƙa ƙafar itace tukuna. Ba aikin gaggawa ba ne."

Tsoho ya zaɓi jar fata mai laushi, wadda ya daɗe yana ajiya, ya yanka. Aiki ya yi rabi sai ga wani ayari daga gida. A cikinsu akwai maƙwabcin Tanimu. Ya ja shi gefe, ya riƙe masa hannu, ya kasa haɗa ido da shi. Gaje ta rasu. Ƙaya ta taka a hanyar rijiya, a ƙafar nan ta hagu. Ta kumbura, ta ɓoye a ƙarƙashin zane kamar yadda ta saba, ba a gane ba sai da zazzaɓi ya kayar da ita.

Ƙaya, jama'a. A hanyar rijiya.

Tanimu bai yi ihu ba. Ya yi salati, ya zauna a gindin bango, yana kallon hannuwansa.

Barau ya zo ya tsuguna kusa da shi, babu sauran wasa a bakinsa. "Ɗan'uwa, ayarinmu ya kusa tashi. Tashi mu tafi. Kada ma ka koma rumfar nan, ciwo za ta ƙara maka. Tsohon bai san garinmu ba, ba kuma zai biyo ka ba."

"A kan maganata ya yanka fatarsa," in ji Tanimu. "Takalmin nan ba wanda zai shiga a duniya. In bar shi yana ɗinki yana duban hanya?"

Ya je ya gaya wa Baba Ila da bakinsa. Tsoho ya ajiye basilla, ya yi mata addu'a, sannan ya ce, "Tafi, ɗana, ba komai tsakaninmu. Fatar sai in yanka ta in yi kube."

"Ka ƙarasa, Baba."

"Wa zai sa?"

"Alkawari na yi mata. Ita ce ta tafi, alkawarin yana nan."

Ya zauna a rumfar, yana riƙe wa tsoho fata, yana zura masa zare, don idon Baba Ila ya fara rauni. Da aka gama, tsoho ya ɗaga ƙwaryar nan, ya ɗauki na hagu ya ɗora a kan sawun. Ya zauna daram, ko gashi bai wuce ba. A nan ne Tanimu ya yi kukan da ya riƙe, ya kifa goshinsa kusa da takalmin, tsoho na dafe da bayansa.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ajali na Allah ne, ba tafiyar Tanimu ce ta kawo shi ba. Amma alkawari naka ne, ko wanda ka yi wa yana raye ko ƙasa ta rufe shi, ko mai aikin zai iya biyo ka ko ba zai iya ba. Mu yau muna fita ƙasashe, mu dawo da jakunkuna da takalma don a gani a yaba arharsu. Waye a cikinmu ya san sawun matarsa? Waye ya san abin da mahaifiyarsa ke ɓoyewa a ƙarƙashin zane don kada ta dame shi? Mai kunya ba zai roƙe ka ba. Awon lafiyayyar ƙafa zai miƙo maka, ya yi dariya. Kai ne za ka sunkuya ka duba ƙasa, tun yana takawa.

Ran da ayari zai tashi, Barau ya zo da jaki har ƙofar rumfa. Ya tarar da Tanimu zaune a ƙasa, basilla a hannu.

"Tashi, madugu na jira."

Tanimu ya ce, "Barau, ka san mai ƙosan nan ta bakin kasuwarmu? Ka san yadda take tafiya?"

"Ban taɓa lura ba."

"Ni na lura. Da ita, da ladanin unguwar marina, da wasu da yawa. Ƙaya ta fi ƙarfin hannuna, ba zan iya tsince ta duka ba." Ya juya wajen tsoho, ya daidaita zama. "Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Ni ina nan wurin Baba sai na iya wannan ɗinki. In na iya zan dawo gida, duk mai ƙafa irin ta Gaje ya zo, ni zan yi masa takalmi."