Tokar Ƙofar Tunkiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

An yi wata Tunkiya mai 'ya'ya uku. Wata shekara annoba ta shiga garin dabbobi. Aka ce duk gidan da ciwo ya faɗa, a zuba toka a bakin ƙofa, kowa ya yi nesa. Ciwon ya ɗauke babban ɗan Tunkiya. Ta zuba toka, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Maƙwabciyarta Jaka ta ajiye mata dusa a ƙofa, ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Sannu, Yaya. Ya haƙuri?"

Annoba ta wuce, sai Damisa ya ƙwace garin. Wata rana karnukansa suka ja ɗan Tunkiya na biyu, don an ji ya ce ciyawa ta ragu tun hawan Damisa. Ta buɗe baki za ta yi kuka, Jaka ta yi mata raɗa: "Yi shiru, Yaya! Mai kuka ma jan sa suke yi. Ki ce ya yi tafiya."

Babu dusa, babu sannu. Wanda ya hango ta sai ya sake hanya.

Saura Auta. Tunkiya ta dube shi, ta dubi murhu. Ta kwaso toka ta zuba a ƙofa.

Karnuka suka zo. "Ke tsohuwa, mene ne wannan?"

"Ciwon nan ne ya dawo, ranku ya daɗe. Bismillah, ku shigo."

Suka arce. Suka sake zuwa, ta ce bismillah, suka arce. A karo na uku ko layin gidan ba su shigo ba.

Sai ga Jaka da dusa. "Sannu, Yaya. Wa muka rasa?"

"Wanda ya yi tafiya."

Ran nan Tunkiya ta yi kukan da ta haɗiye, gari ya taya ta, don kukan annoba ba laifi ba ne.

Auta ya ce, "Inna, yaushe zan fita?"

"In an share tokar."

Ƙahonsa ya tsiro, ya tambaya. Ya murɗe, ya tambaya. Har gezarsa ta yi furfura, ya daina tambaya. Ya rayu dai, amma bai taɓa taka ɗanyar ciyawa ba.

Kun ji, yara. Annoba ta ɗauki ɗa ta bar wa uwa kukanta. Damisa ya ɗauki ɗa, ya haɗa da kukan.

Ƙurunƙus. Kowa ya naɗe tabarmarsa.