Allon da Magatakarda Ya Bari

An yi wani sarki a Birnin Maraki ana ce masa Mazadu, mai son ilmi da ma'abota ilmi, amma mai saurin fushi da jinkirin nadama. Yana da magatakarda, Malam Hambali, wanda ya yi shekara talatin yana rubuta masa wasiƙu, kuma shi ne ya ƙago masa wani wasa na hikima da ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar ba. Yakan ɗauki allo ya zana masa gidaje kamar na hatimi, ya rubuta tambayoyi a gefe, kowace amsa a shigar da haruffanta cikin gidajen, wata a kwance wata a tsaye, har su sarƙe da juna, ta yadda wanda ya kuskure ɗaya sai ta ɓata masa uku.

Kowace Alhamis bayan la'asar sukan zauna su biyu a inuwar wani ɗurumi, Malam Hambali yana karantawa, Sarki yana amsawa. Itacen da ke zubar da ganye da damina, Sarki ya ce gawo. Tsuntsun da zuwansa ke shelar ruwa, ya ce shamuwa. Garin gishiri a tsakiyar hamada, ya ce Bilma. Shanu dubu maɗaurinsu ɗaya, ya yi dariya ya ce tsintsiya. Sarki yana da kai, wannan kam ba a musu, bai taɓa kwana biyu a kan allo ba.

Wata shekara Sarki ya yi nufin tayar da unguwar marina don ya faɗaɗa lambunsa, ya umarci magatakarda ya rubuta takardar. Malam Hambali ya ajiye alƙalami a gaban fadawa ya ce hannunsa ba zai rubuta zalunci ba. Sarki ya fusata ya ce, “Fita daga ƙasata, kada in sake ganin fuskarka.” Malam Hambali ya yi godiya, ya fita. Bai ɗauki komai ba, sai allo guda da ya bari a hannun mai gadin ƙofa ya ce a miƙa wa Sarki.

Sarki ya sa aka jefa allon a taska, ya yi shekara bakwai a can. Unguwar marina ma ba a tayar da ita ba daga ƙarshe, domin fushin ya huce kafin a fara rusau, girman kai ne kawai bai huce ba. Aka naɗa wani magatakarda mai kyakkyawan rubutu, amma ranar Alhamis sai ta riƙa zuwa wa Sarki da tsawo. Yakan je gindin ɗurumin ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Abinci ya daina yi masa daɗi, fadanci ya ishe shi. Ya yi begen mutumin nan, bege irin wanda babba ke jin kunyar faɗa, har ranar da ya kasa daurewa ya ce a ɗauko masa allon.

Kafin magariba ya cika gidajen duka, sai layi ɗaya a tsakiya. Tambayarsa kuwa ita ce: inda aka binne cibiyar mai wannan allo. Sarki ya gane nufin abokinsa nan take, wato ga inda na tafi, in kana nemana. Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tarar bai sani ba. Shekara talatin suna zaune gwiwa da gwiwa, ya san sunayen taurari da na koguna, bai taɓa tambayar Malam Hambali daga ina ya fito ba.

Ya kira Waziri Zubairu ya ce, “Ka tara mini malaman ƙasar nan. Wanda ya cika layin nan, abin da ya roƙa zan ba shi, domin na tsufa, kuma ba na son in gamu da Ubangijina da haƙƙin mutumin nan a wuyana.”

Malamai suka taru. Amsoshin da suka gitta layin sun ba su harafi biyu, suka dinga gwada sunayen birane da alƙaryu, suka buɗe littattafan tarihi da na tafiye-tafiye, wani ya ce Masar, wani ya ce a duba Gabas, wani ma ya rantse ya gani a mafarki. Aka aika manzanni suka dawo da ƙafafu a kumbure. Shekara huɗu ana abu ɗaya, Sarki yana ramewa, malamai suna ƙiba da tuwon fada.

Ran nan Waziri yana zaune ana yi masa aski, ya shiga gunaguni a kan wannan tambaya da ta hana kowa sakat. Wanzamin, wani dattijo matalauci mai suna Nomau, ya tsayar da aska ya ce, “Ranka ya daɗe, wai abin da ake nema ke nan duk shekarun nan? Ai da an tambaye ni.” Waziri mutumin kirki ne, bai ɓoye shi don ya ci lada ba, ya kai shi gaban Sarki, shi Waziri da rabin kansa a aske.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya ce, “Dattijo, kana da karatu?”

Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ban wuce abin salla ba. Amma mu wanzamai muna da namu littafin, a fuskokin mutane aka rubuta shi, kuma da hannun kakanninmu. Kowane gari da irin tsagarsa. Shekara ashirin ina aske Malam Hambali. Yana da tsaga uku gajeru a gefen baki, da guda a bayan kunnen hagu. Wannan zanen masuntan Gandamo ne, wata 'yar tunga a bakin kogi, tafiyar kwana tara daga nan, gidajenta ba su kai ashirin ba, shi ya sa ba ta cikin littafin kowa.”

Sarki ya ce, “Tsaga? Ni ban taɓa ganin tsaga a fuskarsa ba.”

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya ja zamaninka, a gafarta wa tsoho. Ba mai zuwa gabanka sai da rawani, amawali ya rufe baki, ido yana ƙasa. Haka ladabin fada yake, ba laifin kowa ba ne. Amma a gabana dole a tuɓe rawani. Da aka ce mana ka kore shi don kada ka sake ganin fuskarsa, sai na ce a raina, ko yaushe Sarki ya taɓa ganinta?”

Sarki ya ɗauki alƙalami ya shigar da sunan Gandamo, haruffa suka zauna daram, kowane a gidansa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a shirya masa tafiya, ba tambura ba algaita, shi da Waziri da wanzami.

A kwana na tara suka sauka daga kwalekwale, aka nuna musu wani gida na zana. Wata tsohuwa ta fito, Ladingo, ƙanwar Malam Hambali, da tsaga uku a gefen bakinta. Sarki ya tsaya yana duban tsagar kamar mai karatu. Da ta ji ko su wane ne, sai ta ce, “Sannunku da zuwa. Kun yi latti, Yaya ya rasu a daminar bara.”

Ta shigar da su ɗakinsa. Alluna goma ne jingine da bango, kowane da gidajensa a zane, ba a cika ko ɗaya ba. Ta ce, “Kowace shekara yakan zana ɗaya. Ranar Alhamis kuwa ya sa riga ya je mashigi ya zauna har faɗuwar rana. Na ce masa, Yaya, mutumin da ya kore ka ne zai biyo ka nan? Ya ce, ke ba ki san shi ba, fushinsa na kwana uku ne, kuma bai taɓa kwana biyu a kan allo ba. Tambayar ma da na bar masa mai sauƙi ce.”

Sarki ya zauna a ƙasa, ya warware rawaninsa da hannunsa, ya yi kuka a gaban tsohuwa da wanzami, bai ɓoye fuska ba. Da ya natsu ya je kabarin ya yi addu'a, ya nemi gafarar Ladingo a madadin yayanta. Ta ce, “Ya yafe tun kafin ya iso gida. Kewa ce kawai ta dame shi.”

Da suka komo Birnin Maraki, Sarki ya ce wa Nomau ya roƙi abin da yake so. Nomau ya ce sabuwar zabira ta ishe shi. Sarki ya ba shi zabira, ya ƙara masa gida da gona, ya kuma sa masa buzu a majalisa kusa da alƙali, ya kafa doka cewa ba za a yanke wa kowa hukunci ba sai ya sauke amawali, an tambaye shi sunan garinsu da na iyayensa.

Allunan nan goma kuwa Sarki ya taho da su, amma shi da ke gama allo kafin magariba sai ya koma amsa tambaya ɗaya tak kowace Alhamis a gindin ɗurumi, don kada su ƙare. Ya rasu saura allo uku bai taɓa ba.

Masu hikima sun ce, adalci yana farawa ne daga sanin wanda ke gabanka, domin sarkin da bai san inda aka binne cibiyar baransa ba, ranar da ya tashi biyan haƙƙi ba zai san ƙofar da zai kai shi ba.