Hannun da Aka Auna

An yi wani mutum a Bungudu, direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Mahaifiyarsa na fama da hawan jini. Ƙanwarsa Suwaiba da ke aure a Gusau ta sayo na'urar awo, ta ce ya riƙa auna Inna kowace safiya, ya turo hoton lambar ta nuna wa likita.

Ya 'yan uwa, awon nan haƙuri kawai yake so. A zauna a jingina, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, a huta minti biyar, ba goro, ba magana. To Inna ba ta samun ɗanta sai a lokacin. Da ya ɗaura mata sai ta ɗauko hira, lamba ta hau, a koma farko. Shi kuwa hankalinsa na tasha, ana cinye masa layi.

"Inna, don Allah ki yi shiru!"

"In na yi shiru ai tafiya za ka yi," in ji ta.

Wata safiya ya ɗaura a nasa hannun. Lamba ta fito lafiya lau, ya tura. Wa ya gani? Daga nan na'urar ta koma mota.

Likita ya ga awo ya daidaita, ya rage magani. Inna ta yi kukan ciwon ƙeya, ɗan nata ya ce zafin rana ne.

Wata rana tana alwala ta faɗi. Ɓarin jiki ya shanye, harshe ya riƙe. A asibiti likita ya ce, "Wannan awon ba na matar nan ba ne." Suwaiba ta buɗe hotunan a gaban dangi. Can bayan na'urar, ga sitiyarin mota.

Motar ta tafi a jinya. 'Yan uwa suka daina amsa sallamarsa. Wanda ya kasa zaman minti biyar, yau wuni yake a gefen tabarmarta, yana cewa, "Inna, ki ce wani abu." Sai dai ta bi shi da ido.

Jama'a, amana ba ta da ƙarama. Ka yaudari likita, ka yaudari dangi, Wanda ya halicci jinin fa?

Allah ya kiyaye mu da cin amanar iyaye, ya ba mu haƙurin zama da su tun suna iya magana. Amin.