Tambari Biyu da Jan-baki

Na rasa mijina Mati, shekara huɗu ke nan. Na rasa filin bayan gidana mai tsamiya, a watan jiya. Abin da na samu sai ƙarshe zan faɗa. An ce in rubuta misalin da na ba 'yan ajin Lahadi, to ga shi.

Akwai wani sarki a wani garin manoma gero. Tun kaka da kakanni garin tambari ɗaya gare shi. Tambarin yana fada, gular da ake buga shi da ita kuwa tana hannun majalisar dattawa. Ba a kiɗa sai sarki ya fito da nasa, dattawa sun kawo tasu. In ya yi ƙara, kowa sai ya fito, ko gayya ce ko gobara.

Wata shekara sarki ya so kowane gida ya ƙara dami biyu a rumbun fada. Dattawa suka ce, "Ranka ya daɗe, a shimfiɗa tabarma tukuna, ka ji kukan mutane."

Sarki ya ce, "Allah ne ya naɗa ni. Shi zan ba amsa, ba ku ba."

Babbansu ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Amma geron mu muke nomawa."

Dama akwai tsohuwar gardama a garin. Masu hali na gangare a durƙushe suke addu'a kamar sarki, talakawan tudu kuwa a tsaye. Kowane gefe yana cewa addu'ar wancan ba ta wuce rufin ɗaki. Sai sarki ya kori majalisa, ya sa aka sassaƙa masa sabuwar gula. Dattawa suka hau tudu, suka ɗinka nasu tambarin. Daga nan kowa ya san kiɗan da yake fita dominsa, da wanda yake gyara kwanciya in ya ji.

Da gero ya yi ido, sai ga jan-baki, tsuntsayen nan masu zuwa kamar hadari. Ba a korarsu sai an yi ihu a kowace gona a lokaci guda, su rasa wurin sauka. Suka sauka a gangare. Tambarin sarki ya yi ƙara, mutanen gangare suka fito da gwangwanaye, tsuntsaye suka tashi suka sauka a tudu. Tambarin dattawa ya yi ƙara, aka koro su gangare. Kwana uku ana haka, kowa yana murna ya tura wa ɗan'uwansa. A rana ta huɗu tsuntsayen suka tafi da kansu, gama ba sauran abin ci.

Ga ma'anar misalin. Tambari shi ne mulki, gula kuwa yardar jama'a. Allah ya raba su domin kada mai ɗaya ya raina mai ɗaya. Jan-baki Shaiɗan ne, bai taɓa tambayar mai gona yadda yake addu'a ba.

Ku da kuke ji, kun san wata takwas Fasto Irmiya da majalisar dattawanmu ba su zauna tare ba. Kowane gefe ya so filina ya gina nasa ɗakin sujada. Dattijo Barnaba ya zo ya ce, "Inna, za mu ba ki shanu uku."

Na ce, "Barnaba, ka ga na yi kama da mai kiwo?"

Fasto ya zo ya ce, "Mama, za mu rubuta sunan marigayi a bango."

Na ce, "Fasto, Mati bai iya karatu ba. Wa zai karanta masa?"

Mako biyar suna zarya, ban rage ko kaɗan ba. Ga abin da na karɓa a ƙarshe a madadin filin: su zo tare, su zauna kan tabarmata ɗaya, su sha kunu a ƙwarya ɗaya. Gini ɗaya, ƙofa ɗaya, mabuɗi a hannun Fasto, kwaɗon ƙofar kuwa dattawa su saya. Tsamiyar Mati kuma ba mai taɓa ta.