Warangi da Kunyar Ɗan Fari

Dalilin da ya sa warangi, ƙaramin kifin nan mai ƙyalli, take haura kogi duk damina ta zuba ƙwai ta juya musu baya, shi zan faɗa muku. Ku zauna, ba na maimaitawa.

Da can a zurfin babban tafki take haihuwa. Ungozomarta Giwan Ruwa ce, baiwar Allah mai son 'ya'yan mutane. Da Warangi ta zuba ƙwai sai Giwa ta zo ta ce mai jego ta je ta huta. Kafin ta dawo babu ko ɗaya. Giwa ta yi mata gaisuwar rashi tana gyatsa.

Sai da aka shekara uku Warangi ta gane, don ita ma ba a san ta da saurin fahimta ba. Ta ce bana gida za ta haihu, ko ta samu ta ga ɗa nata da rai.

Ruwa na gangarowa, ita tana haurawa. Duwatsu suka kurje mata ciki, ta sha da ƙyar daga tarun masunta, har ta kai ɗan rafin da aka haife ta, wurin gwaggonta Dela. Ruwan iya idon sawu ne, Giwa ba ta shiga. Warangi ta zuba ƙwai cikin ciyawa, wannan karon suka ƙyanƙyashe.

Ta nufe su da murna, Dela ta tare ta.

"Ke, ina kunyarki? Ɗan fari ake zuba wa ido haka?"

"To Gwaggo, wanne ne na farin?"

Suka duba. Dubbai ne, duk kamarsu ɗaya. Dela ta ce tunda ba a san shi ba, a kau da kai daga dukansu, kada a shiga bakin duniya. Warangi ta dubi 'ya'yanta, ta tuna bakin duniya. Ta sunkuyar da kai ta bi ruwa ta gangara, Dela na yaba tarbiyya.

Da shekara ta zagayo ta sake zuwa ta haihu. Dela ta ce wa ya sani ko na farin yana kusa yana kallo. Warangi ta sake kau da kai ta gangara.

Shi ya sa har gobe warangi ke shan wuyar hawa, ta haihu, ta gudu. 'Ya'yan su tashi ba uwa, su gangara su kaɗai, tsuntsaye su cinye rabi a hanya. Amma dai ba a taɓa cewa ba ta da kunya ba.