Ƙafar Yazid da Takobin da Kailu Bai Samu Ba

Akwai wani ɗan kokawa da aka yi a Filinge, sunansa Kailu. In aka ce zai shiga fili, har 'yan kasuwar Abala kan rufe rumfuna su zo kallo. Ya kayar da kowa a ƙasar Kurfai, ban da mutum ɗaya da ke ba shi wuya: Yazid, wani manomin gero daga Tondikandiya.

Bayan girbi tare suke atisaye. Yau Kailu ya kayar, gobe Yazid ya rama. In sun tashi sai su karkaɗe wa juna rairayi, su zauna shan fura suna dariya.

Da gasar kokawa ta ƙasa ta matso, wadda ake ba zakaranta takobi, Kailu ya ji ana cewa in takobin zai zo Kurfai, a hannun Yazid zai zo. Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya daina dariya.

Magagi, tsohon makaɗin da ke yi masa kirari, ya lura da irin kallon da yake yi wa abokinsa.

"Ɗana, wanga kallo ba na kokowa ba ne. Mi ka damunka?"

"Baba, na gaji da raba suna da wani."

"To in babu shi, da wa za ka wasa?"

Kailu ya kau da kai.

Wata safiya suna atisaye, Yazid ya zame, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Kowa ya san wasa ya ƙare ke nan. Amma Kailu bai saki ba. Ya murɗe ƙafar, ya danna da dukan nauyinsa. Waɗanda ke bakin fili ma sun ji ƙarar ƙashin.

Aka kai Yazid wurin likita a Yamai, aka ce zai yi tafiya, amma shi da kokawa har abada. Kailu ya ce tsautsayi ne. Ba wanda ya musa masa, ba kuma wanda ya yarda.

Daga nan samari suka daina zuwa atisaye da shi. Ranar zaɓen 'yan kokawar jiha, duk wanda aka haɗa da Kailu, da sun kama sai ya kai gwiwa ƙasa da kansa, ya fice yana duba ƙafarsa. Kailu ya cinye ko gumi bai yi ba. Ya ɗaga hannu sama yana jiran guɗa, fili ya yi tsit. Ya waiwaya, ya hango Magagi ya rataya gangarsa yana fita.

A gasar takobi kuwa, karon farko aka haɗa shi da wani da ba a ma san sunansa ba. Jikin Kailu ya yi nauyi, don ya daɗe bai gamu da mai ja da shi ba. Kafin ya gyara tsayuwa, bayansa na ƙasa.

Da ya dawo, ya nufi ƙauyen Yazid. Ya same shi zaune a inuwar rumbu, sanda a gefensa.

"Da gangan na yi," in ji Kailu. "Ka yahe mani."

Yazid ya ɗago kai ya dube shi.

"Na sani, aboki. Na yahe, don Allah. Amma gaya mani gaskiya, tun rannan ka ƙara jin daɗin wasa?"

Kailu ya girgiza kai.

"Ni ba takobi nike kewa ba," in ji Yazid. "Lokacin nan da munka riƙe juna, ganga na tashi, zuciya na bugawa, ba wanda ya san mai hwaɗuwa. Shi na rasa. Kai ma ka rasa shi."

Kailu yana nan a Filinge da ƙarfinsa. Amma in ya ji kiɗan kokawa ya tashi, sai ya canja hanya.

Darasi: Daɗin gasa ba a kan cin nasara kaɗai yake ba, yana wurin samun abokin karawa da zai fito da iyakar ƙoƙarinka. Wanda ya cutar da abokin hamayyarsa don ya rage shi kaɗai, kansa ya fara cuta. Ku tura wa 'yan wasan da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya tsaya kafin ya yi abin da ba ya gyaruwa.