Layin Iliyasu

An ce wai a wani gari da ke bakin hanyar arewa an yi wata malamar firamare mai suna Rakiya. Wata safiyar Laraba tana ɗaura ɗankwali, idonta ya faɗa kan wayarta, sai ta ga 'yar alamar nan da ke gefen saƙo ta zama biyu. Alama ɗaya tana nufin saƙo ya tashi bai isa ba. Biyu kuwa na nufin ya isa. Rakiya ta saki ɗankwalin ya faɗi ƙasa, ta zauna a bakin gado.

Shekara huɗu ke nan da mijinta Iliyasu ya bi ayarin masu haƙar zinariya zuwa cikin sahara. Wata biyar na farko yana kiranta duk Juma'a, daga nan layinsa ya yi shiru. Wasu suka ce rami ya rufta da su, wasu suka rantse sun gan shi a wata ƙasa yana aikin gini. Babu gawa, babu wasiƙa. Ba ta yi takaba ba tunda ba a ce ya mutu ba, ba ta kuma daina share ɗakinsa ba.

Abu ɗaya ta riƙe. Kullum ta dawo daga makaranta ta yi la'asar, sai ta zauna gindin lemon tsamin da ya dasa da hannunsa, ta danna waya ta aika masa saƙon murya. Ta gaya masa kwanon kicin ya fara yoyo, ta gaya masa akuya ta haifi biyu, ta tambaye shi ko ya ci abinci. A shekara shida da suka yi tare ba ta taɓa kiran sunansa ba, Malam take ce masa kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Amma da nisa ya yi nisa, sai ta iske bakinta yana cewa Iliyasu, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe ana hana ta. Saƙonnin suka yi ta taruwa, kowanne da alamarsa guda.

Ran nan kafin azahar alamomin suka yi shuɗi, wato an saurara. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta ce a ranta kunya ce ta hana shi, ya tafi neman arziki bai samu ba. Don haka ta buɗe masa zuciyarta yadda ba ta taɓa yi ba. "Iliyasu, ko da rigar jikinka kaɗai ka dawo, ka dawo. Ni ba zinariya na aura ba." Kwana ashirin da uku tana magana ana saurare.

A rana ta ashirin da huɗu, tana shiga aji, wani ɗalibi daga baya ya maƙe murya ya ce, "Iliyasu, ka ci abinci?" Ajin ya fashe da dariya.

Abin da ya faru shi ne, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan sake sayar da shi. Wanda ya sayi na Iliyasu wani saurayi ne mai suna Tanimu, mai shafin labarai a intanet da ake kira Kunnen Gari. Shi ne ya saurari saƙonnin, ya tara, ya fara sakinsu ɗaya kowace rana da taken "Ku ji yadda ake son miji." A hoton da ya haɗa da su lambar Rakiya ta fito ƙarara, a cikin maganarta kuma akwai sunan makarantarsu. Kafin mako ya zagayo an sa muryarta a kiɗa. Maza da ba ta sani ba suna kiranta su ce su ne Iliyasu sun dawo. Mata suna rubuta cewa ba ta da kunya, tana kiran sunan miji gatsal. 'Yan adaidaita sahu suna tambayarta ko ta ci abinci. Ta daina zuwa makaranta, ta daina zama gindin lemo. Abin da ya fi yi mata ciwo ba dariyar ba ce. Wurin da take zuwa ta yi magana da mijinta ne aka cika shi da mutane.

Yayanta Mudi, mai sayar da kayan gyaran babur, shi ya kai ƙara gaban Alƙali Haladu, wani dattijo mai jinkirin magana wanda aka ce yakan bar mutum ya yi ta zuba har ya yanke wa kansa hukunci. Rakiya ta zauna a benci na gefe, ta ja mayafi har goshi. Ta lura kotun ta cika fiye da kima, kuma a layin gaba akwai wasu manya biyu masu manyan riguna da ba su da alaƙa da ita ko kaɗan, sai murmushi suke yi.

Kafin a fara, alƙali ya ce a ajiye wayar Tanimu a kan teburinsa, a kunne, tunda a kanta ake shari'a.

Mudi ya miƙe tun ba a gama kiran sunansa ba. "Allah ya gafarta Malam, maganar ba ta da tsawo. A rufe shafin nan, a rufe mai shi, a jefa mukullin a rijiya. Ƙanwata ko ƙofar gida ba ta iya leƙawa. Jiya mai kifi ya tambaye ni ko na ci abinci. Ni, da gemuna!"

Aka yi 'yar dariya. Alƙali ya jira ta lafa, sannan ya dubi Tanimu.

Tanimu bai zo da tsoro ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, layin nan na saye shi, da sunana aka yi masa rajista. Ban saci wayar kowa ba, ban leƙa ta katangar kowa ba. Saƙo ne ya shigo gidana da ƙafarsa, abin da ya shigo gidan mutum kuwa nasa ne. Ban ƙara kalma ba, ban rage ba. Gaskiya na saki. In yau aka hukunta ni don na saki gaskiya, gobe wa zai nuna rijiyar burtsatse da aka ce an haƙa ba a haƙa ba? Wa zai nuna asibitin da babu ko auduga? Ga waɗanda ke jira a rufe ni can a gaba, ba don Malama suka zo ba."

Manyan biyu suka daina murmushi. Rakiya ta sunkuyar da kai, don ta san ba ƙarya ya yi ba. Ajinta ma shekara biyu ruwa na zuba a kan yara, sai da Kunnen Gari ya saki hoton rufin aka zo aka gyara cikin kwana goma.

Alƙali ya ce, "Magana biyu ce a gabana, kowace tana da nauyi. In na rufe bakinka, na rufe bakin talakan da ba shi da wani. In na sake ka haka, na ce wa kowace mace a garin nan abin da ta faɗa wa mijinta na kasuwa ne. Bari in sha ruwa."

Ya sha ruwan a hankali. Ya goge tabarau. Ya tambayi magatakarda ko an gyara fankar da ke ƙara. Mudi yana ta motsi a benci kamar wanda tururuwa ta shiga wa wando. Rakiya kaɗai ta lura cewa idon dattijon bai bar wayar da ke kan tebur ba. Wayar mai shafin labarai ba ta hutawa, saƙo sai shigowa yake, alƙali yana leƙawa yana ƙyalewa. Can ta sake yin ƙara, ya leƙa, ya ɗauke ta.

"Wace ce Inna?"

Tanimu ya ɗago. "Mahaifiyata ce, Allah ya gafarta Malam."

"Ta aiko da saƙon murya, minti uku da rabi. Magatakarda, kawo lasifikar nan da muke kiran masu ƙara da ita. Buɗe mana wayar, Tanimu, mu ji."

"Malam, wannan ai maganar gida ce."

"Gidan wa? Kotuna ta shigo, a kan teburina ta sauka, da ƙafarta. Ban leƙa katangarku ba. Ba zan ƙara kalma ba, ba zan rage ba. Ko mahaifiyarka tana ƙarya ne?"

"Ba ta ƙarya."

"To gaskiya ce za mu saki. Ga jama'a sun taru, har da masu ɗauka a waya."

Magatakarda ya ajiye lasifikar, ta yi ƙara. Fuskar Tanimu ta sauya. Abin da ke cikin saƙon shi kaɗai ya san irinsa, ko ciwo ne, ko rigimar dangi, ko wata damuwa da tsohuwa ba ta faɗa wa kowa sai ɗanta. Ya matso har ɗan sanda ya tare shi, muryarsa ta tashi ba tare da ya shirya ba.

"Don girman Allah, Malam! Ba kai aka aiko wa ba!"

Alƙali ya ajiye wayar, ya juyar da fuskarta ƙasa.

"Magatakarda, rubuta abin da ya faɗa, kada ka sauya harafi. Hukuncin ke nan, shi ya yanke." Ya dubi Tanimu. "Ban yi niyyar jin maganar mahaifiyarka ba, kuma ba zan ji ba. Amma kai ka ji ta matar nan kwana ashirin da uku. Kowane saƙo da suna yake farawa, kuma ba naka ba ne. Tun ranar farko kalma biyar ta ishe ka: baiwar Allah, layin ya sauya. Ka ga alamar ta yi shuɗi, ka san abin da take zato, ka bar ta tana zato don labari ya yi tsawo. Wannan ya fi sakin ma muni a wurina."

Tanimu ya durƙusa. "Na yi kuskure. Yau ɗin nan zan yi bidiyo in ba ta haƙuri, in kira sunanta, duniya ta gani."

"A'a. Wannan saki na biyu ne. Sunanta ya gaji da yawo. Za ka goge duk abin da ka saka a gaban magatakarda, ka bi waɗanda suka kwafa ka roƙe su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a shafinka cewa ka saki amanar da ba taka ba, ba tare da ka ambaci kowa ba. Shafin kuwa ba zan rufe shi ba." Ya juya ga layin gaba. "Rijiyar da aka ce an haƙa da dukiyar jama'a, jama'a aka aiko wa, dole su ji. Ku gaida gida."

Mudi ya buɗe baki zai yi magana, alƙali ya ɗaga masa hannu, ya sassauta murya. "Malama, ke aka zalunta, ba mu ji bakinki ba. Akwai abin da kike so?"

Rakiya ta ɗago. Ba alƙali ta duba ba, Tanimu ta duba.

"Tun da ka sayi layin, ba wanda ya taɓa kira ya tambaye shi? Ko wani daga can?"

Tanimu ya kasa haɗa ido da ita. "Babu, Malama. Ke kaɗai ce."

Ta gyaɗa kai. Shi kuma ya karɓi wayarsa, ya goge manhajar saƙon, ya zare layin, ɗan abu bai kai farce ba, ya ajiye a kan tebur ya ce ya bar mata. Rakiya ta dube shi ba ta miƙa hannu ba. In ta ɗauka, ita za ta aika, ita za ta karɓa, alamar ta zama biyu a tafin hannunta.

Alƙali ya gane. Ya sa aka kawo ambulan, ya saka layin, ya rubuta sunan Iliyasu a baya da hannunsa. Ya umarci magatakarda ya riƙa saka shi a ƙaramar waya marar intanet sau ɗaya a wata, ya yi kira guda don kada a sake sayar da shi, sannan ya mayar cikin durowa.

"Ajiya ce har mai ita ya zo. Duk abin da aka aika zai tsaya a hanya yana jiransa, ba kunnen da zai ji. In kuma wata rana kika so shari'a ta duba maganar aurenki, ƙofar nan a buɗe take. Ba yau ba, sai ranar da kika so."

Daga nan ya juya ga masu ɗaga wayoyi, ya faɗi maganar da mutanen garin suka riƙe daga wannan shari'a: "Kafin ka saki magana, kada ka tsaya ga tambayar ko gaskiya ce. Ka tambayi kanka wa aka aiko wa. Wadda aka aiko wa jama'a, ɓoye ta cin amana ne. Wadda aka aiko wa mutum ɗaya, yaɗa ta cin amana ne."

Kotu ta kaure da surutu. Mudi yana faɗa wa na kusa da shi cewa da shi ne alƙali da an ga aiki. Rakiya ta dubi durowar da aka rufe, ta dubi inuwar taga, ta ga la'asar ta kusa, lemon kuma ya kwana biyu ba a ba shi ruwa ba. Ta miƙe a hankali, ta nemo takalmanta a cikin tarin da ke bakin ƙofa, ta fita.